"Ya Yanke Jiki Ya Faɗi": Mutuwar da Birnin Zazzau Ya Ƙi Kiran Sunanta

Akwai wata gajeriyar tattaunawa da ake maimaitawa a zaurukan makoki na Birnin Zazzau, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana. Idan mamacin saurayi ne, mai ta'aziyya kan rage murya ya tambayi maigida: "Baba, jinya ya yi?" Sai dattijon ya girgiza kai: "Ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Yanke jiki kawai ya yi ya faɗi." Daga nan a ce Allah ya jiƙansa, a shafa fatiha, mai shigowa ya maye gurbin mai fita. An rasu da hantsi, an kai shi makwancinsa kafin la'asar, tambayar da ta kamata a yi ta bi shi kabari.

Ba kowane saurayin da ya faɗi haka ne ƙwaya ta kashe ba. Akwai ciwon zuciya na gado, akwai hawan jinin da ba a gano ba, akwai farfaɗiya da sikila. Amma daga cikinsu akwai waɗanda abokansu sun san abin da suka haɗiya da safe, mai kemis ɗin unguwa ya sani, uwa tana zargi, maigida kuma ya zaɓi kada ya sani. Wannan shiru, wanda ake yi wa laƙabi da tawakkali ko rufin asiri, shi ne abin tuhuma. Mafi nauyin laifinsa kuwa yana kan masu ilimi: likitoci, masana magunguna, malaman makaranta, limamai da masu unguwanni, waɗanda suke da hanyar sani da bakin faɗa.

Gangar da ke cikin ƙirji

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna 4, kuma da wutar lantarki take aiki. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke sakin tartsatsin wuta sau 60 zuwa 100 a kowane minti, wato kimanin sau 100,000 a kwana guda. Matsayinsa matsayin makaɗin gangar noma ne a ranar gayya: shi ke ba da sara, garemani su sauka tare, su tashi tare. Muddin tsokar zuciya ta matse gaba ɗaya bisa wannan kiɗa, jini zai isa ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi.

Wutar tana samuwa ne daga shige da ficen wasu sinadarai, sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, ta ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin tsokar. Bayan kowane bugu, tsokar na buƙatar ɗan lokaci, ƙasa da rabin daƙiƙa, ta sake shiri. Likitoci na auna wannan lokaci a takardar gwajin ECG, na'urar da ta sa Willem Einthoven na ƙasar Holan ya sami kyautar Nobel a 1924, kuma suna kiransa tazarar QT. Idan tazarar ta haura rabin daƙiƙa, sabon tartsatsi na iya sauka a kan tsokar da ba ta gama shiri ba. Daga nan kiɗa ya wargaje. Wani likitan Faransa, François Dessertenne, ya siffanta ɗaya daga cikin irin wannan rikicewa a 1966. Mafi muninta ita ce lokacin da manyan ɗakunan ƙasa suka daina matsewa, suka koma karkarwa kawai, kamar yadda naman da aka feɗe yanzu yake motsi a kan tebur ɗin mahauci. Jini ya tsaya. Cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum ya faɗi. Bayan minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Abin da ake gani daga waje ke nan a ce "ya yanke jiki". A ciki kuwa, akwai sanadi mai suna da ma'auni.

Kowace ƙwaya da hanyarta

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki, miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya cikin kowane 4 mace ce. Ganuwar Zazzau, wadda ta tare mahaya dawaki a zamanin da, ba ta da abin da za ta yi wa ƙwayar da ke shiga a aljihun ɗan acaɓa ko a jakar mai zuwa biki.

Tiramadol, wanda samari ke kira tiramol, magani ne na halal a asibiti. Hukumar NAFDAC ta amince da mai nauyin miligiram 50 da 100, kuma iyakar abin da likita ke bai wa babban mutum a kwana guda miligiram 400 ne. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa ya kai 200, 225, har 250. Ƙwaya 2 kacal na mai 225 sun zarce ƙa'idar yini sukutum. Lebura, ɗan ga-ruwa da ɗan ƙodago suna sha don su jure aikin da ya fi ƙarfin jiki. A irin wannan yawa, maganin na jawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, yana hanzarta bugun zuciya, yana iya dagula tafiyar wutarta, yana kuma danne numfashi, musamman idan an haɗa shi da roci ko diyazefam ko giya. Zuciyar da iska ta yanke mata ba ta daɗewa a kan kiɗa.

Maganin tari mai kodin shi ma yana danne numfashi, kuma da yawa daga cikin irinsa na ɗauke da wani sinadarin maganin mura mai sa barci, wanda idan aka kwankwaɗi kwalba ɗaya ko biyu yake toshe ƙofofin wutar zuciya. Gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC. A shekarar ce Indiya ta sanya tiramadol ƙarƙashin dokarta ta kayan maye. Kasuwa ba ta mutu ba, kaya ta sauya: a Fabrairun 2025 wani rahoton BBC ya nuna yadda ake shigo da haɗin tapentadol da carisoprodol zuwa Afirka ta Yamma, haɗin da shi ma yake danne numfashi, yake jawo jijjiga.

Ekzol, maganin masu ciwon karkarwar jiki da aka mayar kayan maye, yana cire wa zuciya birki, ta yi ta gudu. Wiwi, wadda ake yi wa kallon ganye marar illa, tana ƙara saurin bugu da 20 zuwa 50 a minti jim kaɗan bayan an zuƙa. Ƙanƙarar nan da ake kira ais, wadda hukumar NDLEA ta fara gano wurin dafa ta a Legas a 2011, tana cika jini da sinadaran firgici, ta ɗaga hawan jini, ta matse jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, a hankali kuma ta mayar da tsokar saurayi ɗan shekara 25 ta zama ta tsoho.

Wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba shi ne gamayya. Wasu magungunan yau da kullum, irin su kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da wasu na taɓin hankali, su ma suna tsawaita tazarar QT. Amai da gudawa suna zubar da fotasiyam. Saurayin da ya saba da ƙwaya, zazzaɓi ya kama shi da damina, ya yi kwana biyu yana amai, aka sayo masa magani a kemis ba tare da kowa ya san abin da ke cikinsa ba, ya tara abubuwa uku a kan zuciya ɗaya. Idan ya faɗi, za a ce zazzaɓi ne ya zo da ƙarar kwana.

Kora da mari

Sholisho ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne hanyar da al'umma ta zaɓa take zama wani ɓangare na kisan. Turirin gam, fetur da tinar fenti suna sa tsokar zuciya ta zama mai saurin harzuƙa da adiranalin, sinadarin da jiki ke saki idan mutum ya tsorata ko ya zura da gudu. A 1970 wani likita a Amurka, Millard Bass, ya wallafa bayanin matasa 110 da suka mutu farat ɗaya bayan shaƙar irin waɗannan abubuwa, ya kuma lura cewa sau da yawa mutuwar na biyo bayan gudu ko firgita. Tana iya faruwa a shaƙar farko ga yaro mai cikakkiyar lafiya.

Sai a dubi abin da ake yi a lungunan birni. Yaro na maƙe a kango ko a gindin ganuwa da tsumma a hanci. 'Yan sintiri su faɗo masa da tocila da gora, ko yayansa ya daka masa tsawa ya bi shi da bulala. Yaron ya zabura ya ruga. Duk sharuɗɗan da Bass ya lissafa sun cika a wannan minti. Masu korar na ganin tarbiyya suke yi, kuma niyyarsu ba ta kisa ba ce, amma zuciya ba ta san niyya ba. Abin da ilimi ya nuna shi ne a tunkari irin wannan yaro a natse, a raba shi da tsumman ba tare da hayaniya ba, a zaunar da shi inda iska ke kaɗawa. Faɗa da nasiha suna iya jira har turirin ya fita daga jikinsa.

Gidan mari ma haka. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, mutane ne da dabara ta ƙare musu. Sai dai yanke wa wanda ya saba da roci ko diyazefam maganin a dare ɗaya na iya jawo jijjigar da take kisa. Wanda kuma aka tsare watanni ya fito, jikinsa ya manta yawan da ya saba ɗauka, ranar da ya koma wa tsohon ma'auninsa tana iya zama ranarsa ta ƙarshe. Sarƙa tana riƙe ƙafa, ba ta auna bugun zuciya.

Hujjojin masu shiru

Hujja ta farko ita ce ajali. Babu musulmin da ke jayayya cewa kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma mutanen Zazzau ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin dalilin barin rijiya a buɗe a tsakar gidan da yara ke rarrafe ba. Idan mota ta kaɗe yaro a hanyar Ƙofar Gayan, ana cewa ajali ne, ana kuma neman direba, har a tara kuɗi a yi tudun rage gudu. Malaman birnin da kansu suke karantar da cewa kiyaye rai da kiyaye hankali suna cikin manyan manufofin shari'a. Me ya sa sai a kan ƙwaya ne kaɗai ambaton ƙaddara yake rufe bakin bincike? Amsar ba ta cikin tauhidi, tana cikin kunya.

Hujja ta biyu ita ce sutura: mamaci ya tafi, a rufa masa asiri, gidan mutunci ne. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma babu mai neman a yi shela a masallaci. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin tona asiri a majalisa da gaya wa likita gaskiya a ɗakin duba marasa lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mahaifin da ya kai ɗansa asibiti a sume ya ce "ba ya shan komai", alhali ya ga fankon ƙwaya a ƙarƙashin katifa, ya hana likita abin da zai iya ceton yaron da shi. Akwai allurar naloxone da ke warware dannewar numfashin da kodin da danginsa ke jawowa cikin mintuna, amma sai an yi zargin sanadin ake ɗauko ta. Kuma suturar da aka yi wa mamaci, ƙanensa ne ke biyan kuɗinta, domin shi ma wurin dilan yayansa yake saye.

Hujja ta uku ba a cika furta ta a fili ba: shi ya jawo wa kansa. Masu wannan ra'ayi na ɗauka cewa masu shaye-shaye 'ya'yan wasu ne, 'yan tasha da 'yan jagaliya. Alƙaluman 2019 sun rushe wannan zato. Cikinsu akwai ɗalibin jami'a mai neman raba dare yana karatu, akwai matar aure a cikin kulle, akwai magidancin da ke ciyar da mutum 10 da ƙarfin ƙashinsa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: wani ne ya shigo da kwantena, wani ya buɗe shagon magani ya sayar ba takardar likita, wani ya raba wa samari ƙwaya a lokacin yaƙin neman zaɓe. Mai hawan jinin da ya ƙi rage gishiri shi ma da hannunsa a ciwonsa, amma ba a hana shi gado a asibiti.

Zariya ta taɓa ƙirgawa

Abin takaicin shi ne wannan gari ya taɓa koya wa duniya darasi a kan zuciya. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Eldryd Parry tare da Neil Davidson, sun lura cewa masu jego da yawa na zuwa da kumburi da haki. Ba su ce iska ba ce, ba su kuma ce ajali ne suka yi shiru ba. Sun bi mata 224, sun rubuta abin da suka gani, sun tambayi abin da ake yi a ɗakin mai jego: wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa har kwana 40. Rahotonsu na 1978 ya sa sunan Zariya ya shiga littattafan ciwon zuciya na duniya. Binciken da aka yi daga baya a Kano da Nijar ya ƙaro wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam, wanda hakan shi ne ɗabi'ar ilimi: wani ya fara ƙirge, wani ya gyara.

Al'adar jego ta fi shaye-shaye tushe a gidajen Hausawa, ta kuma fi shi wuyar taɓawa, domin kakanni ne ke tsaronta. Duk da haka an yi tambayar. Yau jami'ar na nan da tsangayar likitanci da ta harhaɗa magunguna, asibitin koyarwa na nan a Shika, asibitin Hajiya Gambo Sawaba na nan a Ƙofar Gayan. Amma mafi yawan waɗanda ke mutuwa a gida a Nijeriya ba a yi musu rajistar mutuwa, balle a rubuta sanadi. Abin da ba a rubuta ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Minti goma na farko

Idan zuciya ta shiga karkarwa, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowane minti da ya wuce ba tare da agaji ba. Daga Babban Dodo zuwa Shika ba tafiyar minti 10 ba ce. Ke nan wanda zai ceci saurayin da ya faɗi a cikin birni shi ne wanda ke tsaye kusa da shi: mai shayi, ladan, abokin ƙwallo. Abin da ake yi a yanzu shi ne a sheƙa masa ruwa, a ɗura masa madara ko manja a baki, a kewaye shi ana salati. Ɗurawa wanda ya suma abu a baki na iya tura shi cikin huhu. Abin da ke aiki shi ne, idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Miliyoyin masu kallon ƙwallo sun ga yadda irin wannan dannawa da na'urar girgiza zuciya da lantarki suka dawo da Christian Eriksen na Denmak a filin wasa ranar 12 ga Yunin 2021. Nasa ciwon ba shi da alaƙa da ƙwaya, amma agajin iri ɗaya ne, kuma ana koyonsa a yini guda.

Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin Zazzau ba. Ƙungiyoyin likitoci da ma'aikatan jinya su koyar da danna ƙirji ga 'yan agajin masallatai, 'yan sintiri, shugabannin 'yan acaɓa da malaman makarantun sakandare, su kuma gaya musu dalilin da ya sa ba a korar mai sholisho. Attajiran da ke gasar gina hasumiya su sayi na'urar girgiza zuciya a ajiye a babban masallacin Juma'a da kasuwar birni. Kowane saurayi ko budurwa da ya zo asibiti da faɗuwar gaba ba dalili, jiri, ciwon ƙirji ko suma, musamman suma a tsakiyar gudu, a yi masa gwajin ECG, a kuma tambaye shi abin da yake sha bayan an fitar da iyayensa daga ɗakin, cikin muryar da ba ta alƙali ba. Hukumar jihar Kaduna mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa ta kawo wurin jinya na gaskiya kusa da ganuwa, domin iyaye su sami inda za su nufa ba gidan mari ba. Hukumomin da ke ba kemis lasisi su riƙa zagayawa ba tare da sanarwa ba. Majalisar Mai Martaba Sarkin Zazzau kuma, wadda ke da masu unguwanni a kowane lungu, tana iya sa a riƙa rubuta kowace mutuwar farat ɗaya ta mai ƙasa da shekara 40, ba suna, ba gida, sai shekaru da yanayin faɗuwa, a miƙa wa masu bincike a Shika. Shekara 2 na irin wannan rubutu za su faɗi abin da zaurukan makoki suka daɗe suna ɓoyewa.

Hukumar NDLEA tana kamawa tun kafa ta a 1989, kuma kamun na da amfaninsa. Amma jami'inta ba ya shiga ɗakin da yaro ke dafe ƙirji da tsakar dare. Masu shiga wannan ɗaki su ne uwa, yaya, da maƙwabcin da ake kira likita ko malam. A makokin gaba, idan dattijo ya ce "yanke jiki kawai ya yi", ladabi ya hana a ƙara tambayarsa a cikin taro. Bayan sadakar uku, idan zaure ya yi sauƙi, ya kamata a sami mai ilimi ɗaya da zai zauna kusa da shi ya ce: "Baba, Allah ya ba da haƙuri. Ƙannensa fa, a bari a kai su a duba."